Giyar da Aka Ce Sai Shekara Goma

Asabar, 14 ga Oktoba

Jiya muka gama tsinke inabi. Bayana kamar an daka a turmi, amma raina fes. Ba ƙanƙara, ba ruɓa, tsuntsaye ma bana sun yi mana adalci.

Da hantsi Yuning ta kira mu ɗakin ƙasa, ni da uwarta, wai lokaci ya yi da za mu ɗanɗana ta bara. Gangunan katako shida, ta jera su tana shafawa kamar masu rai. Wannan ce giya ta farko da aka taɓa yi a gidan nan. Shekara talatin ina noman inabi a gindin Dutsen Helan ina loda wa babban kamfani a mota, ban taɓa bin sawunsa na ga abin da ya zama ba. Sai da 'yar nan tawa ta ajiye aikinta a kamfanin ta dawo gida, ta ce inabin layukan sama, na cikin tsakuwa, ba na sayarwa ba ne. Cabernet Sauvignon take kiransa, da wani lanƙwasa harshe. Ni dai ƙaramin baƙi mai kaurin ɓawo na san shi.

Ta zuƙo da bututun gilashi ta zuba mana. Baƙi-baƙi kamar tawada, gefen kofin ya yi shunayya. Na kurɓa. Bauri ya damƙe mini harshe da dasashi, kamar na tauna busasshen ganyen shayi. Matata Shulan ta yamutse fuska ta ce, "Wannan na sha ne ko na rina zane?"

Yuning dariya ta yi. Ta ce baurin nan shi ke riƙe giya, wadda ba ta da shi ba ta tsufa, lalacewa take yi. Na ce to yaushe za ta shawu? Ta ce, "A ba ta shekara goma, Baba."

Shekarata sittin da tara. Shulan ce ta yi lissafin da ƙarfi, kamar yadda ta saba.

Talata, 17 ga Oktoba

Yuning ta ce in riƙa tofarwa a bokiti in na ɗanɗana. Abin da na yi wa ban-ruwa tun yana toho, in tofar? Na haɗiye.

Lahadi, 29 ga Oktoba

Baƙo daga birnin Yinchuan, Manaja Pei, mai kula da wani otal. Takalminsa bai san ƙura ba. Ya sha shayi, ya yaba tuffan Shulan, ya sauka ɗakin ƙasa ya kurɓa ya gyaɗa kai. Yana son gangunan shida duka. Za su gauraya da wata mai laushi da ɗan zaƙi, su zuba a kwalba da sunan otal, a sha a liyafa. Ba gaggawa, in ji shi, in ba shi amsa bayan Sabuwar Shekara.

Ni abin ya yi mini. A sha abu, a ji daɗi, mai gonar yana zaune yana gani. Meye laifin wannan?

Da ya tafi Yuning ta tsaya wanke kofuna, ta daɗe tana wanke guda ɗaya. Ta ce, "Gonar taka ce, Baba, inabin ma naka ne. Abin da ka yanke shi ke nan." Da ta yi mini faɗa da ya fi sauƙi. Daga baya Shulan ta raɗa mini cewa kamfanin na ta kiranta ta koma, har yanzu ba ta ce musu a'a ba.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Mun fara binne itatuwan inabi, kada sanyin hunturu ya kashe su. A kwance su daga waya, a lanƙwasa a hankali, tarakta ta zuba ƙasa, mu bi da shebur mu rufe inda ta bari. Tsoho Ding ya zo taya ni kamar kowace shekara, gata ni ma in je tasa. Shekara talatin ke nan muke wannan, shi da farar hularsa, ni da taba a baki. Bai taɓa kai ko ɗigon giya bakinsa ba, ko ƙofar ɗakin ƙasa ba ya leƙawa. Cewa yake, "Ni na ci nake nomawa. Abin da kuke yi a raminku, ku kuka sani."

Tari ya kama ni a tsakiyar layi har na dogara da shebur. Ya tsaya yana kallona.

"Kang, ka je hoton ƙirjin nan kuwa?"

"Wa ya gaya maka?"

"Matarka ta gaya wa matata, matata ta gaya wa duk ƙauye."

Maganar ita ce, motar duba lafiya da ta zo kafin kaka ta ga wani ɗan tabo a huhuna, suka ce in je babban asibiti a duba da na'ura. Na ce sai an gama tsinka. An gama, na ce sai an gama binnewa.

Ya ce, "In an gama binnewa kuma ka ce sai an tone. Ƙato da kai, na'ura kake tsoro." Na ce ya kama shebur ɗinsa, azahar ta kusa, kada ya ce ni na sa ya makara.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Gonar Ding. Matarsa ta yi mana taliya da romon rago. Kwano biyu na ci, na uku kunya ta hana.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Duk sun shiga ƙasa. Gona ta koma kunya-kunya, ba ganye ko ɗaya, dutse ya fito sarai a bayanta. Wannan lokacin nake so a shekara. Ba abin da ke jirana sai murhu da shayi da wasan dara da Ding.

Alhamis, 7 ga Disamba

Yuning ba ta sake tayar da maganar Pei ba. Wani salo ta ɗauko. Da safe ta zuba giyar a tulun gilashi ta ajiye a kan kabad, ta ce kada kowa ya taɓa sai lokacin abincin yamma. Uwarta ta gasa haƙarƙarin rago. Yuning ta ce in ci nama tukuna, sannan in kurɓa.

To, gaskiya ta ɗan saki. Baurin na nan, amma kitse ya rage masa ƙarfi. Ta ce, "Me ka ji?" Na ce giya. Ta ce in sa hanci sosai. Na sa. Na ce giya dai.

Ita kuwa ta dinga lissafo abubuwa: baƙaƙen 'ya'yan itace, ɗanyen tattasai can ƙasa-ƙasa, ƙamshin fensir in an fere shi. Fensir. Shulan ta shinshina ta ce ita busasshiyar jar magarya ta ji, irin wadda muke sakawa a shayi. Yuning ta rungume ta kamar ta ci jarrabawa.

Ta ce da ni, "Taba ta kashe maka hanci, Baba. Kana noma abin da ba ka iya ji." Na ce taba ba ta hana ni jin ƙaurin tukunyar uwarta ba. Shulan ta jefe ni da tsumma.

Juma'a, 22 ga Disamba

Dusar ƙanƙara kaɗan, ko rufe ƙasa ba ta yi ba. Mun yi 'yan ƙullin fulawa da naman rago da albasa saboda ranar tsakiyar hunturu. Nawa duk sun fashe a tukunya, aka ce ni zan cinye su. Ban ƙi ba.

Asabar, 13 ga Janairu

Na sauka ɗakin ƙasa da rana ɗauko dankali, sai na tsaya gaban gangunan. Wurin ya fi waje ɗumi. Na zauna a kan akwati.

Tun da ba mai karanta wannan, bari in faɗa. Ba giyar ce ba ta yi mini ba. Shekara goman ce. Babana bai kai saba'in da biyu ba, wansa ma haka. In aka sayar wa Pei, kafin bazara zan je otal ɗin da sabuwar riga, in ga mutane suna ɗaga kofi, in ce a raina nawa ne. In aka ajiye, wasu ne za su buɗe, su ce Allah sarki Tsoho Kang, da yana nan.

Son kai ne? Ƙila. Na ɗauki dankalin na hau.

Laraba, 24 ga Janairu

Ding ya cinye ni a dara sau uku a jere. Ya ce hankalina ba ya kan allo. Na ba shi labarin Pei. Ya ce shi ba ruwansa da shari'ar giya, amma abu ɗaya ya sani: 'ya'yansa biyu suna can birnin Xi'an, sau ɗaya yake ganinsu a shekara. "Kai taka ta dawo da ƙafarta, kana neman dalilin da za ta koma." Sai ya cinye mini doki a kan allon.

Juma'a, 9 ga Fabrairu, jajiberin Sabuwar Shekararmu ta lissafin wata

Jar takarda a ƙofa, kifi, rago, ƙullin fulawa, gida duk ƙamshi. Mu uku ne bana. Kafin mu fara ci Yuning ta fito da wata kwalba mai ƙura, ta kamfanin da ta yi wa aiki. Ta ce tsohon mai kula da rumbunsu ne ya ba ta ranar da ta bar aiki, ya ce ta kai wa ubanta, domin a shekarar nan inabin layukanmu na sama aka ware daban aka yi giyarsu mafi daraja da shi. Ni ban taɓa sani ba. Awo aka yi, mota ta tafi, shi ke nan.

Na dubi shekarar da ke jiki. Shekarar da Inna ta rasu ce, ana tsakiyar kaka. Mun binne ta, na koma gona da farin ƙyallen makoki ɗaure a hannu, don inabi ba ya jira. Ban tuna komai na kakar nan ba sai zafin rana da nauyin kwando.

Launin ya koma ja-ja kamar jan bulo a gefe. Na kurɓa ina jiran baurin ya kama ni. Bai kama ba. Ta bi harshe a hankali, ta sauka, ta bar wani abu a baya da ya ƙi tafiya. Ko ni da mataccen hancina na ji ƙamshin ƙasar gona in an sako ruwan kogi karo na farko, da wani abu kamar tsohuwar jakar fata.

Na ce, "Wannan ma da haka take, kamar taki?"

Ta ce, "Ta fi tawa bauri, in ji wanda ya yi ta. Ma'aikata suna ce mata maganin tari."

Shulan, wadda ba ta wuce kurɓi biyu, ta miƙa kofinta a ƙara. Ta zuba kaɗan a ƙaramin kofi ta ajiye gaban hoton Inna. Na fita tsakar gida wai in duba ko an rufe kaji. An rufe su tun la'asar, ni na rufe.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Masu gaisuwar shekara tun safe. Kaina ya yi nauyi da surutu da gyaɗa.

Talata, 20 ga Fabrairu

Na kira Manaja Pei. Na yi masa barka da shekara, na ce ya yi haƙuri, gangunan ba za su fita ba. Mutumin kirki ne, ya ce in an zuba a kwalba a tuna da shi. Ban gaya wa Yuning da bakina ba. Na ce wa Shulan, na san kafin ruwa ya tafasa labari ya isa.

Da rana na tarar an wanke mini takalman gona an jera a bakin murhu. Da yamma na ji Yuning a waya da mutanen kamfanin tana cewa, "A'a, na gode, ina nan gida." Muryarta kamar ta ƙaramar yarinya.

Juma'a, 1 ga Maris

Asibitin Yinchuan. Ba ni na ce a je ba. Na tashi ne na ga Shulan ta sa rigarta ta fita, Yuning ta tayar da mota, Ding kuma a tsaye bakin ƙofa wai ya zo aron igiya. Da sassafe, aron igiya.

Na'urar ba komai ba ce. A kwanta, a riƙe numfashi, a tashi. Sakamako sai wani mako. A hanyar dawowa mun tsaya mun ci taliya, ba wanda ya gama kwanonsa.

Talata, 5 ga Maris

Na gyara ƙofar rumbu da ba ta lalace ba.

Juma'a, 8 ga Maris

Mun koma asibiti. Likitar da ta gan mu yarinya ce, ba za ta girmi Yuning ba. Ta juyo mini da hoton ta nuna da biro. Ta ce tabon tsoho ne, wani ciwo ne da na yi tun ina saurayi ya warke ya bar shaida, ba abin da muke tsoro ba ne. Shulan ta saki hannuna, sai a lokacin na san tana riƙe da shi.

Amma ta ce huhun ya gaji. "Kawu, kwalin taba nawa a rana?" Na ce ɗaya. Shulan ta ce ɗaya da rabi. Likita ta ce in na ci gaba, nan da 'yan shekaru matakalar gidana ma sai ta gagare ni. In na bari, abin da ya rage zai kai ni nesa. In dawo da kaka a sake dubawa.

Na ce nesa kamar ina? Ta yi dariya ta ce ita likita ce, ba mai duba ba.

Talata, 12 ga Maris

Su Ding sun kama azumi. Na je dara, na ga bai dace in hura wa mai azumi hayaƙi a fuska ba, na bar kwalin a gida. Ya ce shekara nawa yana azumi ina busa masa, yau na san kunya? Na ce ya yi wasansa.

Asabar, 23 ga Maris

Ina ta cin 'ya'yan kabewa kamar ɓera. Na yi wa Shulan tsawa a kan gishiri, ba ta yi laifin komai ba. Ta ce ta fi son tsoho mai masifa a kan tsoho mai tari, in ci gaba. Ban ce na daina taba ba. Ban saya ba ne kawai, kantin da nisa.

Asabar, 6 ga Afrilu

Tono. Mun je kabarin su Inna shekaranjiya, yau muka shiga gona. Tarakta ta kwashe ƙasar gefe, mu muka bi da hannu kada a ji wa idon toho ciwo. Itatuwan sun fito da danshi, lafiya lau, biyu ne kawai sanyi ya taɓa a ƙarshen layi. Inda aka yanke har sun fara ɗigar ruwa. Ding da azumi a bakinsa ya fi ni sauri, ya kuma tabbatar na sani.

Da muka tashi Yuning ta zuƙo kaɗan daga ganga ta uku, tana son ta ji ko ta isa zubawa a kwalba a watan gobe. Ta miƙo mini don kada in ji an ware ni. Baurin na nan, amma ya daina cizo, riƙo kawai yake yi. Na sa hanci. Na daɗe.

Na ce, "Akwai magaryar uwarki. Akwai kuma wani abu kamar ganyen na'a-na'a."

Ta karɓi kofin ta shinshina, ta dube ni, ta sake shinshinawa. Ta ce ita ba ta taɓa lura da shi ba, amma yana nan. Fensir dai har yau ban ji ba, ina ga ƙirƙira ta yi.

Laraba, 10 ga Afrilu

Sallarsu Ding. Ya aiko da soyayyen burodi cike da faranti, da rago. Na je gaisuwa, 'ya'yansa ba su samu zuwa ba, sai ta waya. Na zauna na daɗe fiye da yadda na yi niyya. Mun yi dara, na bar shi ya ci ɗaya. Ya ce ƙarya nake, da ƙarfinsa ya ci.

Talata, 16 ga Afrilu

Gari ya yi ɗumi, toho ya fara fashewa a layukan ƙasa. Yuning na can tana faɗa da masu kawo kwalabe a waya.

Ni da Shulan muka shiga motar haya zuwa gari sayen almakashin aski na itatuwa. Shagon yana kusa da na mai haƙori, sai na leƙa, tun da an zo. Turamen nan biyu na hagu da suka fita tuntuni, waɗanda kullum nake cewa ba amfanin gyara su a shekaruna. Ya duba, ya ce haƙoran da ake sawa iri biyu ne. Akwai na cirewa a sa a kofi, a yi yau a gama, yana kai shekara huɗu ko biyar. Akwai na dasawa, sai an yi ta zuwa har kaka, da ɗan wahala, amma wannan shekara ashirin ma yana yi.

Na ce a yi na dasawar.

A mota Shulan ta juya tana kallon taga, ina ganin kafaɗarta tana rawa. Na ce launin ɗayan ne bai yi mini ba. Ta ce ai ta gani, launin ne.

Mun iso gida muka ga ba mu sayi almakashin ba.